Rabin tashoshinmu sun ɓace tun bayan iskar farkon damina

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin parabol. Tun daren da aka yi iska mai ƙarfi kafin ruwan farko na bana, kusan rabin tashoshin da muke kallo suka ɓace, sauran kuma da zarar hadari ya haɗu sai hoto ya tsaya cik ya farfashe, murya ta riƙa yankewa. Abin ya dame ni ne saboda mahaifina, wanda ƙafa ta hana shi fita, labarun dare su ne abokan hirarsa. A allon sigina layin ƙarfi ya kai 80, na inganci kuwa bai wuce 30 ba. Maƙwabcina ya ce dikoda ce ta mutu. In sayi sabuwa?

Mai gyara, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka fitar da ko dala tukuna. Layin ƙarfi yana nuna cewa dikoda tana jin LNB, wato kan da ke gaban farantin, kuma yakan hau ko da farantin bango yake kallo. Layin inganci shi ne shaidar an kama tauraron ɗan'adam da ke aiko tashoshin. Tauraron nan yana sama da nisan kusan kilomita 36,000, saboda haka gocewar da ba ta wuce faɗin yatsa ba ta isa ta kwashe maka tashoshi. Ka hau da sassafe kafin kwano ya yi zafi, ka yi alama da ƙusa a jikin ƙarfen don ka san inda ka faro, ka sassauta noti kaɗan, sannan ka riƙa motsa farantin a hankali kana dakatawa, wani yana ƙasa yana faɗa maka lambar.

Malamin lantarki, Ali Ɗan Sofo:
Na yarda da maganar mai gyara, amma ni hankalina ya fi tsayawa a kan cewa rabi ne suka ɓace. Dikoda ce ke ba LNB wuta ta cikin wayar da ke kawo hoto: volt 13 don tashoshin da aka rubuta wa V a bayanansu, wato masu sigina a tsaye, volt 18 don masu H, wato masu sigina a kwance. Idan ruwa ya shiga bakin wayar har tsatsa ta kama shi, wutar takan rage a hanya, 18 ɗin ba ta isa sama ba, sai masu H su tafi gaba ɗaya alhali masu V suna nan. Ɗan'uwa, ka duba bayanan tashoshin da suka ɓace, ka ga ko harafinsu ɗaya ne. Ka kuma cire dikoda daga wuta kafin ka kwance wayar, domin na ga dikoda da yawa da suka ƙone saboda sili guda na ragar da ke cikin wayar ya taɓa jan ƙarfen tsakiya.

Yankewar lokacin hadari kuwa ba lalacewa ba ce. Ƙananan faranti suna kama zangon sigina da ake kira Ku, tsakanin gigahaz 10.7 da 12.75, wanda ruwan sama ke raunana shi. Faranti mai santimita 90 ya fi mai 60 jurewa, amma a ruwa irin na watan Agusta kowa sai ya yi haƙuri.

Ɗan Bagalam:
Allah Ya saka muku da alheri. Na duba, duk waɗanda suka ɓace masu H ne. Da na murɗe ƙarfen bakin wayar a sama, ruwa ne ya ɗigo mini a tafin hannu, jan ƙarfen tsakiya kuma ya koma kore. Na yanke kamar kamu ɗaya, na sa sabon baki, na naɗe shi da salatif, na lanƙwasa wayar ƙasa don ruwa ya riƙa zuba kafin ya kai mahaɗar. Nan take inganci ya hau 55, da na ɗan ɗaga farantin kamar yadda mai gyara ya ce sai ya kai 70. Baba ya kalli labarunsa jiya. Saura reshen dogon yaron da ya fara shiga gaban farantin ta kudu, zan nemi izinin maƙwabcina in sare shi ranar Asabar.