Lambar gunduma a jikin mota a Faransa: wa ya taɓa canzawa, me ya gani?

Ɗan Tasawa

Assalamu alaikum jama'a. Na sayi mota ta hannu daga wani da ya taso daga Marseille. Lambarta irin ta yanzu ce, haruffa biyu, alƙaluma uku, haruffa biyu, sai dai a gefen dama cikin shuɗi akwai 13, lambar gundumar Marseille, da tambarin jiharsu. Ni kuwa Roubaix nake zaune, 59 ke nan. Wannan ya ce dole in canza, wancan ya ce in bar ta. Waɗanda suka daɗe a ƙasar nan, don Allah kowa ya faɗi abin da ya same shi da kansa, ban da ji-ta-ji-ta.

Alhaji Mai Tasi

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kwantar da hankalinka, ba wanda zai tare ka don 13. Wanda ya ce maka dole, da tsohon tsari yake magana, kuma mu da muka sha shi mun san ɗacinsa. A da lambar gunduma tana cikin lambar motar kanta, a ƙarshe, kamar 482 BKD 93. Tun 1950 ake wannan. Ka tashi daga gunduma zuwa ta maƙwabta, ko titi ɗaya ya raba su, to lambarka ta mutu. Da muka canza gida da iyali sai da na yi sammako cikin hunturu na kama layi a ofishin gunduma, aka ba ni sabuwar carte grise, wato takardar rajistar mota, da sabuwar lamba, na wuce gareji aka fasa ƙusoshin tsohon allo da injin huda aka buga wani. Mota ɗaya, mai ita ɗaya, lamba ta canza saboda an matsa 'yan kilomitoci.

Ranar 15 ga Afrilu 2009 aka fara sabon tsari da sababbin motoci, na hannu suka bi a watan Oktoba. Yanzu lambar da aka ba mota da ita za ta je bola. Da farko ma gwamnati so ta yi a daina tilasta lambar gunduma, Faransawa suka ce ba su san zancen ba, har da 'yan majalisa a cikin masu ƙorafi. Sai aka raba gardama: dole a sa, amma mai mota ya zaɓi wadda ransa yake so.

Maman Hanifa

Alhaji ya faɗi gaskiya, amma ku kiyayi sitika. Baban Hanifa ya sayo wata 'yar sitika a intanet mai tutar Nijar, daidai girman shuɗin nan, ya liƙa a kan 44 ɗinmu. Ta yi kyau kam, ba ƙarya. Muna hanyar dawowa daga suna wani jandarma ya tsayar da mu, ya duba takardu, ya zagaya baya, ya sa farce ya ɗaga gefen sitikar, ya ce ko Malam ya ɓare ta yanzu ko ya rubuta masa tarar yuro 135. Haka ya tsuguna a bakin titi da babbar riga yana kankara da makullin gida, yara suna leƙe ta gilashi.

Abin dariyar, rabin unguwarmu a Nantes sitika gare su. Gundumar 44 tana cikin jihar Pays de la Loire, amma da yawa cikinsu cewa suke su 'yan Bretagne ne tun kaka da kakanni, sai su rufe tambarin jihar da tutar nan mai baƙi da fari. Maƙwabciyata ta gaji, ta je aka buga mata 29 kawai, lambar wata gunduma a Bretagne, tunda shi da tutar yake zuwa. A ƙarshen 2020 babbar kotun ƙasar ta ce liƙa sitika bai halatta ba.

Sani Toulouse

Ni a 93 na sauka lokacin da na zo karatu, kuma motar farko da na mallaka 93 ce a jikinta. Da na sami aiki a kudu na zo da ita. Ba zan ce an yi mini wani abu a fili ba, amma akwai kallo. Ranar da na je duba wani ɗaki, mai gidan ta fito tarbata, idonta ya sauka a kan allon kafin ya sauka a kaina, tambayar farko kuwa ita ce daga wace unguwa nake a can. Seine-Saint-Denis, wato 93 ɗin, a gefen Faris, ta yi suna a talabijin da talauci da rigimar matasa da 'yan sanda, duk da a can babban filin ƙwallon ƙasar yake, a can kuma kaburburan sarakunansu suke. Wata ya zagayo na sa aka buga mini 31 ta Toulouse.

Wani abokina ɗan Garwa shi 2B ya sa, ɗaya daga lambobin tsibirin Korsika, alhali bai taɓa taka can ba. Ya ce an gaya masa ba a taɓa motar 'yan tsibirin, ana shakkarsu. Yanzu 2A da 2B sun cika Faris har ba wanda ya yarda mai su daga can yake.

Alhaji Mai Tasi

Sani, ni fa 93 ɗina tana nan daram. Nan na yi arziki, nan na aurar da 'ya'ya. Wanda zai raina ni don lamba, ko 75 ta Faris na sa zai sami abin rainawa.

Malam Issufu

Maganar 93 ta tuna mini da wani dattijo ɗan Aljeriya da muke sallah tare. Wata rana muna tsaye a wurin ajiye motoci ya nuna wata da sandarsa ya ce, "Ni a 93 aka haife ni, a 93 kuma zan mutu, amma teku ce tsakaninsu." Ashe zamanin mulkin mallaka Aljeriya gundumomin Faransa ce: 91 Aljas, 92 Oran, 93 Constantine. Bayan 'yancin kai a 1962 lambobin suka zama ba mai su. Da aka yayyanka kewayen Faris, abin da ya fara aiki a 1968, sai aka raba wa sababbin gundumomi: 91 Essonne, 92 Hauts-de-Seine, 93 Seine-Saint-Denis, har zuwa 95. Shi ya sa suka fita daga jerin haruffa, don asali bisa abacada aka jera, 01 Ain, 02 Aisne, 03 Allier, a haka. Korsika ma 20 ce kafin a raba ta biyu a 1976.

Gundumomin nan tun 1790 suke, lokacin juyin juya hali, guda 83 a farko, yau 101, biyar daga ciki a hayin teku, su ne masu alƙaluma uku kamar 974 ta Réunion da 976 ta Mayotte. Jihohi kuwa jiya-jiya aka sake musu fasali, a 2016 aka haɗe 22 suka koma 13 a nan cikin Turai. Don haka Bafaranshe zai ce maka shi ɗan 59 ne kafin ya tuna da jiharsa Hauts-de-France. Ku duba katin lafiyarku ma: alƙalami na shida da na bakwai gundumar haihuwa ce. Mu da aka haifa a waje 99 aka ba mu gaba ɗaya.

Dillali Na Yamai

Ni ba a Faransa nake ba, amma ta hannuna motocinku suke bi in kun gama da su, daga tashar Kwatano zuwa gida. Da can allon nan karatu ne a wurinmu. Na ga 73 ko 74, na san daga duwatsu ta fito, inda ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, sai in kwanta in haska ƙarƙashinta da tocila, sau da yawa tsatsa ta ci. In 75 ce, a duba kuloci da ƙofofi, cunkoso ya gama da su. Akwai shekarun da 51 ta yi yawa, ashe kamfanonin haya ne suke rajista a Marne don harajin can ya fi sauƙi, motar ba ta taɓa kwana a garin ba. Tamkar yadda muke ganin 8 a tsohuwar lambarmu mu ce ta Yamai ce, 4 ta Maraɗi, 7 ta Damagaram. Yanzu kuwa sai takarda. Na sayi mai 06 ina murna daga Nice take, bakin teku da rana, littafin garejinta ya nuna duk rayuwarta a kusa da iyakar Jamus ta yi.

Hajiya Ta Lille

Ɗana Ɗan Tasawa, mu maƙwabta ne. Bar zancen allo tukuna, takarda ce mai wa'adi. Wata ɗaya gare ka daga ranar saye ka mai da carte grise da sunanka, kuma tun 2017 ta intanet ake yi, ba a zuwa ofis. Kuɗin da za ka biya ya danganta da jihar da adireshinka yake, kowace jiha da farashinta a kan ƙarfin injin, don haka na Hauts-de-France za a caje ka ko da 13 ce a jikin motar. In daga baya ka ga dama ka canza, kowane mai buga allo zai yi maka, ba a neman izinin kowa. Sai dai gaba da baya su zama iri ɗaya, tambarin jiha ya dace da lambar, kuma da ƙusa mai matsewa ake kafawa, ba da sukurun da za a kwance ba. Tawa 62 ce tun daga mai ita na farko, ba wanda ya taɓa tambayata. Amma kai da 13, ranar da Marseille ta zo buga ƙwallo da Lille kada ka ajiye ta kusa da filin wasa.