Ƙananan jiragen ƙasa cikin furanni

Maman Hadiza: Salamu alaikum ƴan uwa, ɗiyata ta gwada mini bidiyo a WhatsApp, ƙananan jiragen ƙasa na gudu tsakanin furanni, wai a Amurka, gaskiya ne ko haɗi?

Ɗan Tawa: Gaskiya ne Hajiya, lambun tsirrai na New York ne, unguwar Bronx, tun 1992 suke yin shi lokacin Kirsimeti, kuma gidajen nan da ɓawon icce da ganye da iri anka gina su, har gadar Brooklyn.

Malam Isuhu: Cikin ɗakin gilashi suke, shi ya sa sanyi bai kashe furannin.

Maman Hadiza: Kai, da za a yi ma yaranmu irinshi nan Yamai ko da karan hatsi ne, wallahi da kaina zan kai jikokina.