Zafin iskar CO ya isa hujjar cewa baƙin rami ne a ɓoye?

Malam Habibu: Ni dai ina nan a kan bakana. Idan ƙura ta rufe tsakiyar galaksi (babban tarin taurari), ka raba hasken infared ɗinta, ka ga layukan CO (iskar kabon monoksaid) a maikron 4.7, wato tsawon zangon hasken, sun tsotse haske, kuma lissafi ya ba ka zafin ɗaruruwan digiri a ma'aunin Kelbin, to baƙin rami ne ke haɗiyar gas a ciki. Gajimaren gas mai sanyi bai wuce digiri 10 zuwa 20 ba. Me zai ɗumama shi haka in ba hasken eks-re ba? Abin da madubin hangen nesa na Subaru ya gani ke nan a galaksin IRAS 08572+3915.

Malama Rabi: A yi haƙuri Malam, ka yi gaggawa. Inda taurari ke haihuwa a cunkushe, fashewarsu da guguwarsu ma suna dukan gas har ya yi zafi. Ga galaksin Arp 220 nan, shekara da shekaru ana ja-in-ja a kan abin da ke cikinta.

Aminu: Malamai, ku taimaka wa ɗalibi. Me ya hana a duba da hasken da ido ke gani?

Malama Rabi: Ƙura ce ke cinye shi, Aminu. Infared ne ke ratsawa. A galaksin NGC 1068 ma, sai a 1985 masana Antonucci da Miller suka gano abin da ke ɓoye a tsakiyarta, ta hasken da ya karkato ta gefe.

Malam Habibu: Malama, kin tsallake wani abu. Layin tsotsa ba ya fitowa sai akwai fitila a bayan gas ɗin. Fitilar nan ƙura ce mai zafin kusan digiri 1,000, a wuri ɗan mitsitsi. Gas ɗin da muke aunawa yana daidai gabanta. Taurari kuwa a warwatse suke.

Malama Rabi: Wannan na karɓa, hujja ce mai nauyi. Amma abin da ta nuna shi ne wurin ƙarami ne kuma yana da zafi. Ba ta faɗi me ke ƙonewa a ciki ba. Kawo mini layin neon na maikron 14.3, wanda taurari ba su da ƙarfin samar da shi, in yi shiru.

Malam Habibu: Ai kin san a waɗanda ƙura ta fi binnewa layin nan ba ya fita. Kina neman shaidar da ba za ta zo ba.

Malama Rabi: To kada mu ce "ya isa". Tun da aka harba madubin sararin samaniya James Webb a Disamba 2021, na'urarsa NIRSpec tana ware layukan CO ɗaya bayan ɗaya. A haɗa da layukan haidurojin da ruwa, a auna gudun gas ɗin, a kwatanta da abin da ALMA, cibiyar hangen nesa ta rediyo, ta gani, sannan a yanke hukunci galaksi bayan galaksi.

Malam Habibu: A kwatanta. Amma a fara da IRAS 08572+3915.