Musayar Baitoci a Kan Hawainiya

Mai Alƙalami:

Da sunan Ilahu nake farawa,
Tambaya gare ni ga masu ganewa,
An ce rikiɗarta don ɓuya ce da ruɗarwa,
Ku warware mini gaskiyar hawainiya.

Ɗalibar Kimiyya:

Malam, an daɗe ana yi mata ƙazafi,
Launin jikinta zance ne mai zurfi,
Namiji in ya ga ɗan'uwansa zai gwada ƙarfi,
Nan take sai ya rine da ja da rawaya.

In sanyin safiya ne ya kama ta,
Takan yi duhu don rana ta ɗumama ta,
In kuwa zafi ya tsananta ya dame ta,
Sai ta yi haske jikinta ya samu lafiya.

A 2015 masanan Jami'ar Janeba,
Sun sa fatarta a madubin ƙara girma sun duba,
Ƙwayoyi ne kamar lu'ulu'u, babu tababa,
In sun matsu ko sun ware, launi ya juya.

Dattijon Zaure:

'Yata, bayaninki ya kai ga gamsarwa,
Ni kam idonta ya fi ba ni burgewa,
Na taɓa tsugunawa gabanta ina dubawa,
Ido ɗaya yana kaina, ɗaya yana baya.

Da fara ta sauka a kan ganye,
Idanun biyu suka haɗu, ta tsaya a miƙe,
Kafin in ƙifta ido farar tana manne,
Harshe ya cafko ta da saurin kibiya.

Tsawon harshen kan ninka na jikinta,
Yatsu biyu da uku ne a kowace ƙafarta,
Kamar awartaki suke damƙe reshenta,
Sannan ta ƙara ɗauri da naɗin wutsiya.

Mai Alƙalami:

Baba, na janye zargin da na ɗora mata,
Har na daina raina jinkirin takunta,
Rangajin ganye a iska ne kwaikwayonta,
Shi ya sa tsuntsu kan wuce bai waiwaya.

Ɗalibar Kimiyya:

Malam, jinsinta ya haura 200,
Kusan rabi a tsibirin Madagaska suke zamansu,
A 2021 aka bayyana 'yar ƙaramarsu,
Namijin milimita 22 ne har da wutsiya.

Amma wadda ta fi ba ni tausayi,
Ita ce ta Labord, a kudu maso yammacin tsibiri,
Wata 8 zuwa 9 tana ƙwai a ƙarƙashin rairayi,
Wata 4 ko 5 kacal take yi a sararin duniya.

Da damina ta ƙyanƙyashe, ta girma da gaggawa,
Ta yi barbara, ta haƙa rami don binnewa,
Kafin rani ya yi nisa manyan duk sun mace, ba ragowa,
Sai ƙwai a ƙasa suna jiran saukar ruwan sabuwar damina.