Wai duk miyar Indiya ta zauren cin abinci tukunya ɗaya ce?

Kuku: Ana cewa a rumfunan abincin Indiya na manyan kantunan tsakiyar gari, inda ma'aikata ke cin na rana a gurguje, miya ɗaya ce ake sauya wa suna. Ni dai na yarda. Tun da safe ake dafa albasa mai yawa da tumatir, citta, tafarnuwa da kurkum har su narke, a markaɗe. Mai saye na zuwa, sai ludayi biyu a kasko, a jefa kazar da aka riga aka dafa. A sa kirim da garin kashu ta zama korma, a ƙara barkono ta zama madras. Minti 5 an gama.

Hajiya mai girki: Malam, ka yi kuɗin goro. Dal makhani fa? Baƙin waken urad ne, sai ya kwana a jiƙe, sannan ya yi sa'o'i a kan wuta kaɗan-kaɗan da man shanu. Ba ta yadda za a yi shi a minti 5. Haka chana masala, wato miyar waken chickpea. Ita ma miyar butter chicken, wato kaza mai man shanu, ta gaskiya ba ta albasa ba ce, tumatir ne da man shanu da kirim, da busasshen ganyen hulba da ake murzawa a tafin hannu a ƙarshe. In ba ka ji ƙamshin hulbar nan ba, to daga tukunyar da kake faɗa aka ɗebo.

Kuku: Na ba ki dal, Hajiya. Amma dubi tiren da aka jera: in uku duk launin ruwan lemo ne, kaurinsu ɗaya, ai magana ta ƙare.

Mai duba tsafta: Ni abin da ya dame ni zafin tiren ne. Abincin da aka ajiye don sayarwa kada ya sauka ƙasa da digiri 60 a ma'aunin Celsius. In ka ga miya ta yi fata a sama, babu tururi, wuce. Shinkafa ta fi haɗari: ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus ba ta mutuwa duka a dafuwa, in shinkafa ta daɗe da ɗumi-ɗumi sai ta saki guba, kuma ɗumame ba ya kashe gubar. Ka je lokacin da layi ya yi tsawo, tire ba ya daɗewa a ajiye.

Hajiya mai girki: Gaskiya ne, Yaya. Kuma zaman tire ba ya yi wa kowane abinci illa iri ɗaya. Dal da chana ƙara daɗi suke yi. Ƙirjin kaza bushewa yake, palak paneer, wato alayyafo da cuku, ya dushe daga kore shar, samosa ta yi laushi.

Mai gashi: Ku bar miya, ku dubi naan, wato gurasarsu. Tandar tandoor tana kai digiri 480, ana manna ƙullin a bangonta, cikin minti 2 ya kumbura ya yi tabon ƙuna. Da ya huce ya zama kamar fata. In ba ka ga tanda a bayan kanta ba, na leda ne aka ɗumama, gara ka ɗauki shinkafa.

Mai duba tsafta: Sannan a tambayi naman ko halal ne. Vindaloo ma, wata miya mai yaji, a jihar Goa ta Indiya asalinta da naman alade ake yi.

Kuku: To Hajiya, korma da madras fa, kin yarda uwarsu ɗaya?

Hajiya mai girki: A rumfar sauri, na yarda. Dal ɗina dai ka bar min shi.