Idan mai kallo ya riga ya san ƙarshen labari, me ya rage masa a wasan Odifus?

Ɗalibar adabi, Ƙofar Ƙaura, Katsina:
Assalamu alaikum malamaina. A zangon nan muna nazarin wasan kwaikwayon Sarki Odifus wanda Sofokilis ya rubuta, aka nuna shi a birnin Atina wajen shekara ta 429 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). An gaya mana cewa Girkawan da suka taru kallo sun san labarin tun kafin su zauna, wato sun san Odifus ya kashe mahaifinsa Layus kuma ya auri mahaifiyarsa Jokasta ba da saninsa ba. To, idan babu abin da aka ɓoye wa mai kallo, daga ina tashin hankalin wasan yake fitowa?

Malamin sakandare, Daura:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Daga wannan sanin da kike ganin ya ɓata wasan ne tashin hankalin yake fitowa, domin kowace magana ta Odifus tana da fuska biyu, ɗaya wadda shi yake nufi, ɗaya wadda mai kallo kaɗai yake ji. Annoba ta afka wa birnin Tibis, aka ce ba za ta gushe ba sai an kori wanda ya kashe Layus, tsohon sarkin garin, sai Odifus ya tsaya gaban jama'a ya la'anci makashin, har ya ce la'anar ta hau kansa idan da saninsa mutumin yake zaune a gidansa, ya kuma yi alkawarin nema wa Layus hakki kamar mahaifinsa ne. Daga baya ya goranta wa boka Tiresiyas makanta, alhali makahon ne yake ganin gaskiya, kuma shi Odifus da hannunsa zai tsiyaye idanunsa kafin a tashi.

Ranar da na karanta wurin la'anar a aji, wani yaro a bencin baya ya dafe kai ya ce, "Malam, a hana shi mana!" Ba labari yaron yake jira ba, yana kallon mutum ne yana haƙa ramin da zai faɗa.

Mu 'yan Daura mukan lura da wani abu: baƙo ya zo gari, ya raba mutane da abin da ya addabe su, ya auri sarauniya. Haka Odifus ya yi a Tibis da ya warware kacici-kacicin dodon da ya addabi garin, haka kuma Bayajida ya yi da macijiyar rijiyar Kusugu. Kamannin ya tsaya nan kawai, amma yakan taimaki ɗalibaina su gane dalilin da mutanen Tibis suka ɗauki Odifus mai ceto.

Ma'aikaciyar jinya, Katsina:
Malam ya yi bayani, sai dai ni Jokasta ce ta fi tsaya mini a rai. Ita ce ta so kwantar wa mijinta hankali, ta ce kada ya damu da maganar bokaye tunda 'yan fashi ne suka kashe Layus a inda hanyoyi uku suka haɗu, kuma ambaton mahaɗar nan ne ya fara girgiza shi, saboda ya tuna dattijon da ya kashe a irin wurin. Haka manzon da ya zo daga Koranti da niyyar albishir ya bayyana cewa Folibus, sarkin Koranti da ya raini Odifus, ba shi ya haife shi ba. Jokasta ta riga mijinta ganewa, ta roƙe shi ya bar binciken, shi kuwa ya zaci kunya take ji kada a gano ɗan bayi ta aura. Na sha ganin irin wannan a bakin aiki: dangi sun fahimci sakamakon gwaji, suna kauce wa maganar, mai jinya kuma yana fassara shirunsu da wani abu dabam.

Tsohon malamin kwaleji, Daura:
Ina da gyara kaɗan ga masu hanzarin kawo Sigmund Freud, masanin halayyar ɗan Adam, wanda ya ɗauko sunan Odifus a littafinsa na fassarar mafarki mai ɗauke da shekarar 1900, ya ce labarin yana taɓa wata ɓoyayyiyar sha'awa da ke zuciyar ɗa. Odifus na Sofokilis bai yi sha'awar komai ba. Gudu ya yi daga Koranti don kada abin da aka faɗa masa a wurin duba na Delfi, cewa zai kashe mahaifinsa ya auri mahaifiyarsa, ya tabbata, gudun kuma shi ya kai shi Tibis. Abin da wasan ya tona shi ne halin mai kaifin basira da saurin fushi, wanda ya saba warware kacici-kacici har ya kasa tsammanin cewa shi ne amsar. Masanin falsafa Aristotil ya yaba wasan saboda juyawar al'amari da gane gaskiya sun faɗo lokaci guda, abin da ke haifar da tausayi da tsoro.

Ɗiyata, ki gwada shi da wasan Agamemnon na Eskilus, na shekarar 458 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), inda Kilaitemnestra ta shimfiɗa wa mijinta Agamemnon jan kilishi da daɗin baki alhali ta shirya kashe shi saboda 'yarsu Ifijeniya da ya yanka. A can mai magana ta san abin da take nufi, a nan kuwa Odifus bai sani ba.

Ɗalibar adabi:
Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma. Zan koma wurin manzon Koranti in duba a daidai wace magana Jokasta ta yi shiru.