Katin Honus Wagner: tausayin yara ne, ko ciniki ne bai faɗa ba?

Sani: Jama'a, kun ji labarin katin hoton ɗan wasan besbol na Amurka Honus Wagner da aka sayar dala miliyan 7.25 a 2022? Kamfanin American Tobacco ne ya riƙa cusa irin katunan nan cikin kwalin sigari daga 1909 zuwa 1911. Wagner ya ce a janye nasa, ba ya son yara su sayi taba saboda hotonsa. Shi ya sa ya yi ƙaranci. Mutumin kirki ke nan.

Baban Amira: Malam Sani, sannu da wa'azi. Mutumin nan fa da kansa yana tauna taba. Akwai wani katinsa na 1948, ga shi ƙiri-ƙiri yana cusa ta a baki. Ni dai na ce ciniki ne bai faɗa ba.

Sani: Mai shan abu ba ya iya hana yaro? Iyaye nawa ne suke busa sigari amma su zane ɗansu in ya taɓa?

Baban Amira: To ai ya san darajar sunansa. Tun 1905 ya sa hannu da Hillerich, masu yin sandar buga ƙwallo, suna buga sunansa a jikinta. Wanda ya yi wannan ya san hoto kuɗi ne.

Anti Ladi: Ku dakata, wai shi wane ne har ake wannan rigima a kansa?

Kabiru: Anti, shi ne mai tsaron tsakanin zango na 2 da na 3 (cikin zanguna huɗu da mai bugu ke zagayawa a fili) a ƙungiyar Pittsburgh Pirates, wurin da ƙwallo ke zuwa da zafi. Ya buga daga 1897 zuwa 1917, sau 8 yana zama gwarzon bugu a National League, ɗaya daga cikin manyan gasannin besbol biyu na Amurka. A 1909 suka doke ƙungiyar Detroit ta su shahararren ɗan wasa Ty Cobb suka ɗauki kofi. Da aka zaɓi mutum 5 na farko cikin zauren gwarazan wasan a 1936, yana ciki, ƙuri'unsa daidai da na Babe Ruth, babban tauraron wasan. Yaron da ya fara da aikin haƙar kwal ne fa.

Anti Ladi: Ikon Allah.

Kabiru: Baban Amira, ga abin da ya hana ni bin ka. Kamfanin ya yi wa wani ɗan jaridar Pittsburgh, John Gruber, alkawarin dala 10 in ya samo yardar Wagner. Wagner ya ƙi, amma ya aika masa da cakin dala 10 daga aljihunsa don kada ya yi asara. Mai kwaɗayin kuɗi yana haka?

Baban Amira: Dala 10 a wurin tauraro ai kuɗin goro ne, ƙanena. Kyautatawa aboki daban, ciniki da kamfani daban.

Sani: In ƙarin kuɗi yake so, me ya hana kamfanin biya? Su ne fa suka mamaye kasuwar taba a Amurka lokacin.

Baban Amira: Wannan kam ka kama ni. Amma katin 1948 ɗin nan har yanzu yana tsaye mini a rai.